Wa ke da alhakin kare kayan tarihi, Abuja ko Alausa?

Tambaya: Malam, ni ɗan tireda ne a Agege. Nakan ji a rediyo cewa 'yan majalisa na muhawara kan al'adu da kayan tarihi. Ana wannan tsadar rayuwa, anya ba ɓata lokaci ba ne? Kuma wa ke da iko kan abin, majalisar Abuja ko ta jihar Legas da ke Alausa?

Amsa: Alhaji, dukkansu suna da hannu. Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba aikin: duk wurin da Majalisar Tarayya ta ayyana cewa na ƙasa ne, hurumin Abuja ne, saura kuwa majalisar jiha na iya yi musu doka. Sashe na 21 ya ce gwamnati ta kare al'adunmu, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Shi ya sa nauyin ya koma wuyan majalisa, domin sai ta yi doka mai haƙori sannan alkawarin zai yi aiki.

Batun ɓata lokaci kuwa, ban yarda ba. Ka tuna Ilojo Bar, benen nan mai salon ginin Barazil da ke dandalin Tinubu? Tun 1956 aka ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa. Ranar 11 ga Satumba, 2016, jajibirin Babbar Sallah, aka kawo katafila aka baje shi. Gini ne da ya haura shekara 150 a tsaye. Har yau abin na ci mini rai, don doka tana nan aka yi hakan. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta zamanin soja ce, ta 1979, tarar da ke cikinta ma da darajar nairar wancan lokaci aka yanka ta. Mai son gina kantuna a tsakiyar Ikko ba zai ji tsoronta ba. Haka ganuwar Kano ke ƙarewa, yau a ɗebi ƙasa, gobe a yanka fili.

Gyaran wannan doka da kuɗin da ake ware wa gidan tarihi irin na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, duk ta hannun majalisa suke bi. Ga kuma tagullan Benin da Turawan Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda Jamus ta fara maido da na hannunta a 2022; adana su ma kuɗi ne.

Kai ma kana da ƙofar shiga. Bayan karatu na biyu, ƙudiri yakan tafi kwamiti, a kira zaman jin ra'ayin jama'a. Ƙungiyoyinmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 suna iya rubuta takarda su miƙa, ko su bi ta ofishin ɗan majalisar mazaɓarsu. Mawaƙa, maƙera da masu rini su sa hannu a ciki, tunda sana'arsu ake tattaunawa.