Tambayoyinku: Kwafin Wikidata na gida ya ƙi tafiya daidai da na sabar

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, na loda bayanan garuruwan Najeriya daga Wikidata (rumbun bayanai na intanet da kowa zai iya gyarawa) cikin Fuseki (manhajar ma'ajiyar irin waɗannan bayanai) a kwamfutata. Kullum da dare ina jawo sababbi in ƙara. Yanzu wasu garuruwan adadin jama'arsu ya zama biyu, abubuwan da aka goge a can kuma suna nan daram a wurina.

Amsa: Ɗan'uwa, kai zubawa kawai kake yi, ba ka kwashewa, kamar mai tara shara a lungu yana jiran ta ɓace da kanta. Wannan ɗabi'a ta fi kowace ba ni haushi, kuma ta yi yawa a wajen masu koyon RDF, wato tsarin da aka rubuta bayanan da ka loda da shi. Kowane bayani a RDF jimla ce mai sassa uku: abu, alaƙa, ƙima. Idan aka sauya adadin jama'a a P1082, lambar wannan alaƙar a Wikidata, sabuwar jimlar daban take da tsohuwar, ma'ajiyarka ba ta san ɗaya ta gaji ɗaya ba, sai ta riƙe duka biyun.

Ga abin da nake sa kowa ya yi. Ka ba kowane abu nasa giraf mai suna, wato keɓaɓɓen rukunin jimloli a ma'ajiyarka: Najeriya Q1033 nata, Nijar Q1032 nata. Jawo abin daga Wikidata ta Special:EntityData/Q1033.ttl, ka liƙa ?flavor=dump a ƙarshe, in ba haka ba zai taho da guntayen bayanan wasu abubuwan da ya ambata, su cakuɗe maka. Sannan ka tura shi cikin Fuseki da umarnin PUT ta Graph Store Protocol, ƙa'idar sakawa da sauya giraf. PUT yana shafe tsohon giraf ɗin gaba ɗaya ya ɗora sabon, POST kuwa ƙari yake yi, kuma na yi imani POST ɗin kake amfani da shi.

Kada ka riƙa jawo komai kowane dare, datarka ba ruwan rijiyar gidanku ba ce. Kowane abu yana zuwa da schema:version, wato lambar gyaransa na ƙarshe. Adana ta. Tambayi jerin sauye-sauyen baya-bayan nan na Wikidata, ka tace abubuwan da ke hannunka, wanda lambarsa ta fi taka kaɗai za ka jawo. Wanda sabar ta amsa da 404 an goge shi, sai ka goge giraf ɗinsa da DROP GRAPH. Wanda aka haɗe da wani, sabar za ta tura ka ga lambar Q ta abin da ya rage. Goge tsohon, ka bar owl:sameAs ɗaya mai nuna sabon gida.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne alamar inda aka tsaya. Kada ka rubuta lokacin sauyi na ƙarshe sai bayan Fuseki ya tabbatar ya karɓa. In ka rubuta tukuna aka ɗauke wuta a tsakiya, ka tsallake sauye-sauye ke nan, babu kuma wanda zai gaya maka. Maimaita PUT sau biyu ba ya ɓata komai, don haka idan ka dawo, ja baya da ƴan mintuna ka sake. Jerin sauye-sauyen kwana 30 kawai yake riƙewa. Ka tafi hutun zango ka wuce haka, sake lodi daga farko.

Tambaya daga wata malama a Maraɗi: Zan iya sauke Wikidata duka a laftof?

Amsa: Hajiya, abubuwa sun haura miliyan 100, cikakken kundin da ake fitarwa mako-mako kuma ya kai wajen gigabait 100 ko a matse. Zaɓi abin da kike buƙata da SPARQL, yaren tambayar bayanan RDF, ki ƙyale sauran.

Tambaya daga Kumasi: Tambayata ta SPARQL tana mutuwa a hanya, wani lokacin kuma in ga lambar kuskure 429.

Amsa: Sabar SPARQL ta Wikidata daƙiƙa 60 take ba kowace tambaya. Rarraba taka jiha-jiha. Shi 429 cewa ake ka cika naci: duba Retry-After a cikin amsar sabar, ka jira tsawon lokacin da ya faɗa, ka kuma sa User-Agent mai bayyana ko kai wane ne.

Tambaya daga Kano: Na gyara kurakurai a kwafina, yaya zan mayar da su sabar?

Amsa: Ta wbeditentity, umarnin Wikidata na gyara abu, tare da baserevid, wato lambar gyaran da ka yi aiki a kanta, domin sabar ta gane idan wani ya riga ka taɓa wurin. Kuma daina gyara cikin giraf ɗin da kake jawowa, PUT na gobe zai share wahalarka. Ware wa gyare-gyarenka giraf nasu daban.