Takardun ƙunshin gyaɗar Inna

Wa alaikumus salam ƙanwata, ki yi haƙuri na ga saƙonki tun shekaranjiya, sabis ne babu, kin san halin da muke ciki a Sudan. Tambaya biyu kika min, wai mu ma mun taso muna karanta littattafan Hausa kamar yadda ku a Kano kuke haya a shago kuna ɓoyewa cikin littafin makaranta, sannan wai ta yaya ɗiyar Hausawa za ta ce ta yi ƙuruciya cikin kaɗaici alhali an san mu da cika gida. Toh ta biyun ce ta ban dariya don gaskiyarki ne, bari na fara da ita.

Kakan babana daga ƙasar Haɗeja ya fito da niyyar hajji a ƙafa, ya bi ta Borno, ya bi ta Abeshe, ya shigo ta Jinaina, yana tafiya yana tsayawa ya yi noma ya tara guzuri ya ƙara gaba, har ya haye ta Sawakin ya sauke farali. Da ya dawo sai ya tarar ana neman hannu a gonakin auduga na Jazira, lokacin an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ya ce bari ya yi damina ɗaya. Komawa gida kuwa kullum "baɗi in Allah ya yarda" har aka binne shi a nan. Wasu kuma kakanninsu tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903, garinsu na nan kudu da Sinnar da sunansa. Ni a Madani, babban garin Jazira, aka haife ni, unguwar Hausawa, kuma unguwarmu in kin shiga sai ki rantse wani lungu ne na Fagge, ana daka ana suyar ƙosai, yaro ya ci tuwo a gidan da dare ya riske shi, duk babbar mace iya ce ko gwaggo, biki ɗaya sai ya tashi layi uku. A irin wannan wuri ko kina son kaɗaici ba za a bar ki ba.

Abun da ya faru shi ne a 1981, ina shekara 7, Baba ya samu aiki a jirgin ƙasa aka tura shi Atbara, can arewa inda kogin Atbara yake haɗuwa da Nilu. Garin ma'aikatan jirgi ne, kirarinsa garin ƙarfe da wuta, da safe in jiniyar ma'aikata ta yi kuka sai ki ga maza a kan kekuna kamar fari. A layinmu mu kaɗai ne Hausawa. Kuma ki sani a nan duk wanda asalinsa daga yamma yake, Bahaushe ne, Bafillace ne, Babarbare ne, suna ɗaya ake kiranmu da shi, Fallata, wani ya faɗa da zuciya ɗaya, wani ya faɗa yana taɓe baki. Larabcina a lokacin na unguwarmu ne, ina mayar da mace namiji, haruffan maƙogwaro kuwa sam ba sa fita, ina buɗe baki a aji yara sun kwashe da dariya, a tara da ni a filin makaranta ana "faɗi kaza mu ji". Sai na daina magana kawai. Wallahi akwai watannin da in ba Inna ba babu wanda yake jin muryata.

Har rubutu ma bai bar ni ba. Mu allonmu irin naku ne, Warshu, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, haka malam ya koya min a Madani tun ina 4. A makarantar hukuma kuwa fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ranar farko da aka yi mana shifta malama ta bi duk fa ɗina da jan biro, ta ɗaga littafin sama ta nuna wa aji. Na koma gida ina kuka na ce wa Baba malam ya koya min ƙarya, ya yi dariya har da hawaye ya ce ba ƙarya ba ne, rubutu biyu ne, ɗaya na gida ɗaya na waje, ki riƙe duka.

Inna ba ta fita, amma ba a raba mace Bahaushiya da sana'a ko a ina take, ta fara suyar gyaɗa da tasali, wato 'ya'yan kankana da ake soyawa da gishiri, ana saye ta ƙofa, yayana kuma ya kai tasha in jirgi ya tsaya. Ba a ƙullawa a leda lokacin, takarda ake naɗewa kamar mazurari. Takardar kuma a kasuwa ake sayowa da awo, a kilo, tsofaffin jaridu, littattafan 'yan makaranta da suka cika, mujallu, wani sa'in har littafi sukutum wanda bangonsa ya tafi. Aikina bayan la'asar shi ne in zauna a ƙarƙashin rumfa in yayyaga su daidai girman ƙunshi in naɗe.

Toh daga nan aka fara. Ban san ranar da na fara karanta takarda kafin na naɗe ta ba, na dai san aikin da nake gamawa kafin magariba ya koma har isha ban gama ba. Ki duba irin karatun fa, shafi 17 zuwa 32, babu kai babu gindi, yaro ya shiga kogo da fitila ya ji motsi a bayansa, shike nan, sauran labarin yana cikin wani buhun ko wani ya riga ya ci gyaɗa a ciki ya yar. Da fari haushi nake ji har in buga ƙafa. Daga baya sai na koma ina ƙarasa labarin da kaina in na kwanta, kuma da yake kaina cike yake da tatsuniyoyin kakata, sau nawa Gizo yana faɗowa cikin labarin 'yan Masar ya warware komai da ƙarya, Ƙoƙi tana gefe tana salati. Wanda na fi so ba na naɗewa, sai in cusa tsakanin igiyar gado da tabarma, Inna tana ƙorafin wai kilon mutumin nan ya fara raguwa ba shi da tsoron Allah. Allah ya yafe min, bawan Allah ya sha zagi a kan laifina.

Ranar da habub ta taso, guguwar ƙurar nan da take zuwa kamar katanga ja ta rufe gari, a kulle ƙofa a toshe taga da tsumma, kowa yana tsaki, ni kuwa sallah ce a wurina, babu aike babu makaranta, in shige ƙarƙashin gado da 'yar fitilar ƙwai.

Yanzu abun da nake so ki gane game da mutanenmu, a wurin su Inna kalmar karatu abu ɗaya take nufi, Alƙur'ani, da ƙarfi, a gaban malam, ana rangaji. Karatun da ba a jin sautinsa, yarinya ta ƙura wa takarda ido ita kaɗai tana murmushi, wani lokacin tana share hawaye, wannan ba su san shi ba. Inna ta taɓa tsayawa a kaina ta ce "ke wannan wace sura ce take ba ki dariya?" Da kakata ta zo ganinmu daga Madani kwana biyu ta yi tana kallona, ta kira Inna ɗaki ta ce yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce. Aka min hayaƙi, aka aika wa malam ya yi rubutu na sha, sati guda ina shan rubutu da safe. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, yaron da ya janye daga mutane a al'adarmu ko ciwo ko iska, babu na uku. Baba ne ya raba gardamar, shi da yake cikin ma'aikata yana ganin kowa da jarida a hammata, ya ce a bar ta. Ƙarshen wata ya dawo da mujallar Sibyan sabuwa fil, ta yaran Sudan ce, a 1946 aka fara buga ta, wannan ne karo na farko da na riƙe labari mai farko da ƙarshe, har na ji wani iri, kamar an ƙwace min aikina.

Akwai wata magana da Larabawa suke yi, wai Alƙahira tana rubutawa, Beirut tana bugawa, Khartoum tana karantawa. A zamaninmu ba ƙarya ba ne. Mu ba mu da shagon haya irin naku, musaya ake yi, mujalla ɗaya sai ta zaga gida goma ta dawo kamar tsumma. Majid ta Abu Dhabi ita ce sarauniya, takarda mai sheƙi, kala har kala, sai 'ya'yan waɗanda ubansu yake aiki a Saudiyya ko ƙasashen Khalij, wato na Larabawan bakin Tekun Fasha. Wata yarinya a ajinmu tana da su tuli, kuma tana cikin masu kwaikwayon maganata, rannan ta gan ni da wani ɗan littafin labarin 'yan sanda na Masar da na tsinta cikin kilo da bangonsa da komai, ta zo ta tsaya ta ce in na gama mu yi canji. Ba zan ce mun zama ƙawaye ba, ba ta taɓa shiga gidanmu ba, nima ban wuce zauren nasu ba, amma shekara uku muna miƙa wa juna ta ƙarƙashin benci kuma daga ranar ta daina shiga cikin masu dariya.

Na sha tunanin abun nan da na girma. Duk littattafan da na ɓuya a cikinsu da harshen masu tsokanata aka rubuta su, kuma ban taɓa cin karo da yarinya irina a ciki ba, yara ne da suke zuwa hutu bakin teku a Iskandariyya, suna da kare mai suna, babu mai talla babu mai allo. Amma littafi ba ya jin karin harshenki. Sannan Larabcin littafi ba na uwar kowa ba ne, su ma abun da suke yi a gida daban, na takarda daban, a nan dukanmu baƙi ne, sai dai ni na riga su kwana a ciki. Kafin mu gama aji 6 in an ba da insha'i nawa ake karanta wa aji, malamar ce take karantawa da bakinta don ni har lokacin ba na yarda in tashi.

Sai tambayarki ta farko. A'a ƙanwata, ba mu karanta littattafan Hausa ba, ko ɗaya. Hausa a wurinmu ta baki ce da kunne. Rubutacciyar Hausa da na sani ita ce ajami a gafakar kakana, waƙoƙin wa'azi da yabon Annabi, takardu sun yi ja an ɗaure da igiyar fata, ba a ba yaro, kuma ba don hira aka yi su ba, tsofaffi ne suke rerawa. Hausar boko kuwa sai dai a ji a rediyo, Baba ba ya wasa da BBC, mu kuma muna gefe muna mamakin kalmomi, su ce asibiti mu mustashfa muka sani, su ce mota mu arabiyya, makaranta a gidanmu ta allo ce kawai, ɗayar madarasa. Daga baya kasakasai suka fara zuwa ta hannun alhazai da fatake, sai finafinan Kano, su ne ma suka gyara wa yaranmu Hausa. Ni sai da na haura 40 na koyi karanta wannan rubutun da nake miki, a Facebook, da ɗan Turancin da aka koya mana a makaranta nake harhaɗawa ina faɗa da ƙarfi har in ji kalmar, yarana suna min dariya wai Mama ta koma aji ɗaya. Waɗannan masu lanƙwasar, ƙ da ɗ da ɓ, ɗan yayata ne ya nuna min inda suke a waya.

Mun bar Atbara a 1988 muka koma Madani, na faɗa cikin 'yan uwa, kaɗaici ya ƙare amma ciwon karatun bai warke ba. Na yi aikin koyarwa, duk zuwana Khartoum sai na bi masu shimfiɗa littattafai a ƙasa wajen kasuwar Suk Arabi na kwaso, kabad biyu na cika. Da yaƙin nan na 2023 ya iso Madani a watan Disamba muka fita zuwa Gadarif da kayan jikinmu da takardun gida. Da muka dawo rufin ɗakin ya ɓule, damina ta shiga, gara ta gama da sauran. Na tsinci abun da zai cika kwali ɗaya, yawancinsu tsakiya ce kawai ta rage. Maƙwabciyata mai gyaɗa ta ce in ba ta in ba na so, na ce ta dakata tukuna.

Littafin da kika turo min a waya na kai shafi 60, yana da daɗi, sai dai idona yana ruwa in na daɗe, kuma marubuciyar tana zuba Turanci a tsakiyar magana kamar yadda mu muke zuba Larabci, nan take sai in ɓace. Akwai kalmomi wajen 20 da na rubuta a gefe zan turo miki ki fassara min in kin samu sarari. Sannan don Allah ki gaya min gaskiya tun yanzu, littafi na biyu yana hannunki ko shi ma ni zan ƙarasa da kaina?