Amsa ga mai tambaya kan na'urar ƙidayar ƙwayoyin sama a jikin balan-balan

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ku huɗu ne, kun haɗa 'yar na'ura mai faranti biyu na robar nan mai ƙyalli idan ƙwayar zarra da ta zo daga sararin samaniya ta ratsa ta, kowane faranti da SiPM ɗinsa, wato ɗan idon lantarki mai mayar da ƙyallin nan sigina, kuna shirin ɗaure ta a balan-balan irin na masu hasashen yanayi ku sake ta daga nan arewa. Abin da ya dame ka shi ne yadda za ka gane daga ƙasa ko ƙidayar da take aiko maka gaskiya ce, da kuma ko ya kamata ka riƙa taɓa saitinta ta rediyo tana sama. Na yi irin wannan aiki sau biyu lokacin da nake karatu a Turai, kuma tashin farko mun yi asarar rabin bayanansa da hannunmu, don haka bari in ba ka labarin kafin shawara.

Balan-balan ɗin yana hawa kimanin mita 5 a daƙiƙa, wato cikin minti ɗari ya kai kilomita 30. Mu uku muna zaune a bayan mota, ɗaya ya riƙe eriya yana bin sama da ita, ni ina kallon lambobi suna sauka layi-layi. Abu ɗaya kawai muka sa na'urar ta aiko game da ƙwayoyin, yawan ƙidaya a minti. Ƙidayar ta yi ta hawa, muna murna. Da aka wuce kilomita 20 sai ta tsaya, sannan ta fara raguwa. Zafin cikin akwatin ya riga ya faɗi ƙasa da sifili, sai muka yanke cewa sanyi ne yake kashe na'urar. Na tura umarni na sassauta iyakar karɓar sigina, wato ƙarfin da sai sigina ta kai kafin a ƙirga ta. Ƙidaya ta yi tsalle, hankalinmu ya kwanta. Sai da muka dawo muka zana jadawalin muka ga abin da muka yi: na'urar lafiyarta ƙalau, raguwar nan ita ce ainihin abin da muka je nema. Tun tsakiyar shekarun 1930 Erich Regener da ɗalibinsa Georg Pfotzer suka nuna a Jamus cewa ƙidayar tana kai ƙololuwa wajen kilomita 20 sannan ta sauka. Dalilin kuwa, furoton, wato ƙwaya mai caji daga cibiyar zarra, da ya shigo daga sararin samaniya sai ya daki iska yake haifar da tarin ƙananan ƙwayoyi. Can sama sosai iskar ba ta isa ta haifar da su da yawa ba, can ƙasa kuma ta shanye galibinsu. Mun karanta wannan, mun sani, amma da lambar ta fara faɗuwa a gaban idonmu ba mu da wata shaida ta biyu da za ta raba mana tsakanin halin sama da ciwon na'ura. Duk abin da aka ƙirga bayan umarnin nan bai ƙara haɗuwa da na gabansa ba.

Saboda haka maganata ta farko ita ce ƙidaya kaɗai ba ta isa ba. Ka sa na'urar ta riƙa auna tsayin kowace sigina, ta tara su gida-gida bisa tsayinsu, ko gida 32 ne, ta aiko maka da wannan jadawali duk minti ɗaya ko biyu. Rediyon ƙaramin balan-balan ba ya ɗaukar kaya da yawa, amma wannan kam zai ɗauka, kuma ya fi duk wani abu da za ka cusa masa daraja.

Ga dalili. Allah ya ba ka dutsen sikeli kyauta tun kana ƙasa, wato miyuwon, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin nan da ake haifa a sama su iso har ƙasa. A daidai doron teku, kusan miyuwon ɗaya ne ke ratsa kowace murabba'in santimita a minti. Idan farantinka santimita 5 ne sau 5, za ka ga wajen 25 a minti a faranti guda, ƙasa da haka idan ka ce sai ya ratsa duka biyun. Miyuwon mai gudu yana barin kusan kuzari iri ɗaya a duk santimita ta roba, wajen MeV 2 (MeV ma'aunin kuzarin ƙwaya ne). Don haka idan ka bar na'urar a kunne kwana ɗaya a kan tebur, jadawalin zai fito da tudu guda, mai gangara a tsaye ta hagu da doguwar wutsiya ta dama. Ka rubuta gidan da kan tudun ya faɗa. A sama ma galibin ƙwayoyi masu caji ɗaya da ke gudu sosai, ilektiron ne ko furoton, kusan nan suke faɗawa. In tudun yana inda ka san shi, ƙidaya ta hau ko ta sauka, sama ce ke magana. In tudun ya gusa, na'urarka ce ta canja.

Kuma za ta canja, domin SiPM ba ya son sauyin zafi. Ƙarfin wutar da yake fara aiki a kansa yana raguwa idan aka yi sanyi, wasu nau'in kimanin milibolt 20 a kowane digiri, wasu fiye da 50. Ka duba takardar naka. Ka lissafa: akwati ya sauka daga digiri 20 zuwa 20 ƙasa da sifili, digiri 40 ke nan, sau milibolt 20 ya ba ka bolt 0.8. In rarar wutar da ka ɗora masa a kan wadda yake fara aiki da ita bolt 2.5 ce, ta koma 3.3, kowace sigina ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙananan abubuwan da da ba sa kai iyakar karɓa yanzu sun haye, ƙidaya ta kumbura ba tare da sama ta ƙara komai ba. Mu ma ashe sanyin ƙara wa na'urarmu ji ya yi, mu kuma muka ɗauka kurmanta ta yake yi. Ku da za ku tashi daga yankin zafi ku ƙara kula, domin sararin da ke samanmu ya fi na Turai sanyi a tsakiyar hanya: wajen kilomita 16 zuwa 17 iska tana kaiwa kusan digiri 80 ƙasa da sifili.

Kafin tashi na biyu sai muka sa na'urar cikin firiza, da ma'aunin zafi manne a bayan SiPM ɗin kansa, ba a jikin bangon akwati ba. Muka ɗauki tudun miyuwon a zafin ɗaki, a sifili, da kuma a 18 ƙasa da sifili, kowanne tsawon dare. Daga nan muka fitar da jadawalin da na'urar ke bi da kanta tana rage wuta ko ƙarawa. Ka sa ta cikin leda mai ɗaurewa da 'yar jakar busar da laima kafin ka fito da ita daga firiza, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kan allon. Wannan aikin firiza shi ne ainihin saitin. Abin da ake yi a tashar ƙasa sa ido ne a ga ko saitin yana riƙe.

Akwai abubuwa biyu da ke ɓata lissafi ko da tudun bai motsa ba. Na farko lokacin kurumta: duk sanda na'urar ke rubuta sigina ɗaya, ba ta jin wadda ta biyo baya. A ƙasa wannan ba komai ba ne, amma a ƙololuwa ƙidaya ta ninka ta ƙasa ninkin ba ninkin, sai ka rasa wani kaso ka daddashe kan ƙololuwar da kake nema. Ka sa ta ƙirga daƙiƙun da ta yi tana saurare da gaske, da su za ka raba ƙidaya. Na biyu haɗuwar katari: ƙwayoyi biyu daban su daki faranti biyu a lokaci guda, na'urar ta ɗauka ɗaya ce ta ratsa. Lissafinsa biyu sau faɗin tagar lokaci (ɗan tsakanin da na'urar ke ɗaukar sigina biyu a matsayin tare suka zo) sau ƙidayar faranti na farko sau ta na biyu. In kowanne na ƙirga 100 a daƙiƙa, taga kuma kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ce, ka sami 0.02 a daƙiƙa. In tagar ta ninka haka sau ɗari saboda kwamfutarka ba ta da sauri, ka ga ƙarya ta fara gogayya da gaskiya. Don haka a aiko da ƙidayar kowane faranti daban, ban da ta haɗuwarsu.

Tsayi kuma, kada ka dogara da GPS kaɗai. Wasu suna daina ba da wuri a kilomita 18, na kamfanin u-blox kuma a kilomita 12 suke tsayawa in ba ka sa su a yanayin jirgin sama ba. Ma'aunin matsin iska ma haka: samfurin BMP280 iyakarsa miliba 300, wajen kilomita 9 ke nan, MS5611 kuwa yana kaiwa miliba 10. Ni na fi son zana ƙidaya a kan matsin iska, domin abin da ya dami ƙwayar shi ne yawan iskar da ke samanta, kuma miliba ɗaya kusan giram ɗaya ne a kan murabba'in santimita. Batir kuma na litiyom wanda ba a caji, shi ne ke jure sanyi.

Batun umarni daga ƙasa, ban ce a haramta ba. Manyan gwaje-gwajen da NASA ke tayarwa daga McMurdo a Antaktika suna yi kullum. Ɗaya daga cikinsu, SuperTIGER, ya yi kwana 55 a sama daga Disambar 2012, ana magana da shi ta taurarin ɗan'adam. Amma su ma da tudu suke aiki: sigina tana tafiya da murabba'in cajin ƙwaya, don haka kabon yana ba da wajen ninki 36 na furoton, iskar oksijin 64, ƙarfe 676 a lissafi, ko da yake roba tana ƙoshi ta ba da ƙasa da haka. Waɗannan tuddai su ne ma'auninsu. Ku da tafiyarku ba ta wuce awa uku ba, shawarata ku rubuta a takarda tun kafin tashi sharaɗin da zai sa a taɓa wani abu, misali tudun ya gusa da kashi kaza na minti kaza a jere, kuma mutum biyu su yarda kafin a danna. Kowane umarni na'urar ta maimaita maka shi, ta rubuta shi da lokacinsa a katin ajiya, kowane saƙo ya zo da lambar jeri don ka san wanda ya ɓace a hanya. Mu mun ƙara da cewa in ba a sabunta umarni cikin minti goma ba, ta koma saitinta na asali. A tashi na biyu ba mu tura ko ɗaya ba. Ƙidaya ta sake juyawa bayan kilomita 20, na duba jadawalin, tudun yana gidansa, muka bar ta.

Kada ka kwatanta adadinku da na wanda ya tashi daga Kiruna a Suwidin ka ce na'urarku ta gaza. Najeriya tana kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, inda maganaɗisun ke kore ƙwayoyi marasa ƙarfi, furoton sai ƙarfinsa ya kai wajen gigabolt 14 kafin ya iya shigowa ta kai tsaye, alhali kusa da ƙuryar arewa ko gigabolt ɗaya bai kai ba. Ƙololuwarku za ta fi tasu gajarta, kuma hakan sakamako ne mai kyau da ya cancanci a rubuta. Ku nemi izinin hukumar kula da jiragen sama da wuri, yakan ɗauki lokaci. In kun gama daren farko na miyuwon a kan tebur, turo jadawalin nan in duba maka inda ya dace iyakar karɓa ta zauna, tsakanin hayaniyar hagu da gindin tudun.