Amsa ga ɗan uwan da aiki ya sha wa kai: dish ko filin wasa?

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ka ce daga Litinin zuwa Asabar ba ka da sukuni, Lahadi kaɗai ce taka, kuma kana tambaya ko ka ci gaba da biyan kuɗin dish saboda ƙwallon Turai, ko ka riƙa sayen tikiti kana zuwa kallon Kano Pillars. Na daɗe ina yin duka biyun, kuma shawarata ita ce ka koma ƙaramin tsari a dish, ka ba filin wasa Lahadinka.

Kallon gida ba ya raba mutum da aiki. Wayar tana gefenka, oga ya turo saƙo ana tsakiyar wasa, ka ce bari ka amsa a gurguje, kafin ka ɗago an ci ƙwallo. Ga wuta da ba ta da tabbas, ga kuɗin man janareta. Wasannin Zakarun Turai kuwa ranar Talata da Laraba ake yi, ƙarfe takwas ko tara na dare agogonmu. Mutumin da ya dawo a gajiye bayan Isha'i, sau da yawa barci ne yake kwashe shi a kujera kafin a tafi hutun rabin lokaci. A ƙarshen wata sai ka ga ka biya cikakken kuɗi, wasannin da ka kalla daga farko har ƙarshe ba su taka kara sun karya ba. Wannan kansa wani takaicin ne a kan na ofis.

Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata daban ne. Da ka shiga, ganguna na tashi, ana ta "Sai Masu Gida", mai pure water da mai gyaɗa suna ratsa layi, dattijon da ke kusa da kai wanda ba ka taɓa gani ba ya dafa kafaɗarka yana ba ka labarin kofin gasar lig ta Najeriya da Pillars ta ɗauka a 2008 da ukun da aka ɗauka a jere daga 2012 zuwa 2014. Ko wayar ta yi ƙara ba za ka ji ba. Ka yi ihu har muryarka ta dishe, ka fito jikinka sakayau. Wallahi ni ranar da na je fili na fi samun barci mai daɗi. Kuma ganin irin su Rabi'u Ali Pele da Ahmed Musa da idonka ba ɗaya ba ne da ganinsu a allo.

Amma akwai nasa wahalar. Wasa yawanci ƙarfe huɗu ake farawa, to idan babban wasa ne, kamar da Enyimba ko Rangers, ka isa tun bayan Azahar. Ka sayi tikiti a inda aka keɓe don sayarwa, ka rabu da samarin da ke tare mutane a bakin ƙofa suna cewa ya ƙare, don wani na jabu ne zai miƙa maka. Ka tafi da canji, ka sa wayarka a aljihun gaba, ka yi alwala tun daga gida saboda La'asar. Idan da hali ka ƙara kuɗi ka zauna ɓangaren rumfa. In ka ga rai ya fara ɓaci a kan alƙalin wasa, ka fice kafin a tashi. Rikicin 'yan kallo ya sha jawo wa ƙungiyar tara da kai wasanta wani gari, abin yana ci mini rai matuƙa.

Pillars kusan mako biyu-biyu take wasa a gida, saboda haka akwai Lahadin da za ka zauna da iyali. Ranar da Arsenal ɗinka take da babban wasa kuwa, gidan kallo na unguwa ya wadatar, kuɗin shiga kaɗan ne, kuma janaretan mai gidan ne zai sha man.