Abin da ke bayan ƙaramin faifai

Ɗana, jiya da yamma da kake share kantar baya ka jawo akwatin katakon nan, ka zaro faifai ɗaya, ka juya shi gaba da baya, ka ce da ni: "Oga, me ya sa bayan waɗannan ƙananan faifan rege babu waƙa sai kiɗa zalla? Kuma me za mu yi da su yanzu, tun da duk waƙar da mutum ke so tana cikin kwamfuta?" Lokacin akwai mai jiran amfilifayarsa a tsaye, shi ya sa na ce ka bari sai mun natsu. To, zauna ka ji. Tambaya biyu ka yi, amma tushensu ɗaya.

Wanda ka riƙe faɗinsa inci 7 ne, yana juyawa sau 45 a minti, shi ya sa 'yan sana'a ke ce masa 45 kawai. Kamfanin RCA na Amurka ne ya fara fito da irinsa a 1949. Kowane gefe yana cin minti uku zuwa huɗu. Ka ga ramin tsakiyarsa babba ne, sai an sa masa 'yar robar nan kafin ya zauna daidai a kan garmaho. Wannan kowa na iya gaya maka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a Jamaika, ƙasar da rege ya fito, ba don a saya a kai ɗaki aka fara buga shi ba. Don filin rawa aka yi shi. Kayan aiki ne, kamar yadda guduma take a wurin maƙeri.

A shekarun 1950, talakan Kingston, babban birnin Jamaika, ba shi da kuɗin garmaho, gidan rediyo kuma ba ya kula kiɗan 'yan unguwa. Sai wasu mutane suka haɗa manyan lasifikoki, suna loda su a mota, su kafa a fili da dare, a sayar da abinci da abin sha, a yi rawa har asuba. Manyansu su ne Clement Dodd, wanda ake kira Coxsone, da Duke Reid, tsohon ɗan sanda. Da farko faifan baƙaƙen Amurka suke sayowa, kuma saboda kishin sana'a har kankare takardar tsakiya suke yi don kada abokin hamayya ya karanta sunan waƙar ya je ya nemo. Da irin kiɗan da jama'arsu ke so ya fara ƙaranci a Amurka, sai suka koma ɗaukar nasu. Coxsone ya buɗe ɗakin ɗaukar sautinsa, Studio One, a titin Brentford a 1963, Duke Reid kuma yana da Treasure Isle a titin Bond, a saman shagonsa. Waƙa sai ta yi makonni, wani lokaci watanni, ana jin ta a filin mai ita kaɗai kafin a buga ta a kai kasuwa.

Yanzu ga bayan faifan. Labarin da mutanen sana'ar a can suke bayarwa shi ne, wajen 1967 wani mai lasifika daga Spanish Town, Ruddy Redwood, ya je Treasure Isle a yanka masa faifan gwaji na wata waƙar ƙungiyar Paragons. Injiniyan ya manta bai ɗaga muryar mawaƙan ba, kiɗa kaɗai ya hau. Ruddy ya ce a bar masa haka. Da dare ya sa waƙar yadda aka san ta, sannan ya bi ta da wadda ba murya, sai jama'a da kansu suka ɗauki waƙar da baki, fili ya kaure. Kafin 1970 ta wuce, abin ya zama al'ada: gaba waƙa, baya kiɗanta, a rubuta Version a jiki. Mai kamfani ma ya samu sauƙi, ba sai ya biya kuɗin ɗaukar waƙa ta biyu ba.

Amma kada ka ɗauka wurin banza aka bari. Fili ne aka share wa mai makirufo. Ka san ɗan ma'abba, wanda ke shiga tsakanin kiɗa yana kirari, yana zuga, yana ambaton mutane? Kusan aikin ke nan. A Jamaika shi wannan mai magana a kan kiɗa shi ake kira dije, wanda ke zaɓen faifai ya ɗora kuma sunansa salekta. Abin da mu a nan muke kira dije, su salekta ne a wurinsu. A 1970 Duke Reid ya ɗauki muryar U-Roy a kan tsofaffin kaɗe-kaɗensa, faifansa uku suka hau na ɗaya da na biyu da na uku a jerin waƙoƙin ƙasar lokaci guda. Duk wani mai surutu a kan kiɗa da ka ji daga baya, Yellowman ne ko Shabba Ranks ko Sean Paul, ta wannan ƙofar ya shigo.

Akwai mutum ɗaya da nake so ka riƙe sunansa da kyau, domin ɗan sana'armu ne. Osbourne Ruddock, King Tubby. Mai gyaran rediyo da talabijin ne, yana naɗa taransifoma da hannunsa, yana ƙera amfilifaya. A wani ɗan ɗaki a gidan da ke Dromilly Avenue, unguwar Waterhouse, ya kafa miksarsa, na'urar haɗa sauti. Ba makaɗi ba ne, ba mawaƙi ba. Za a kawo masa waƙar da aka riga aka ɗauka, shi kuma ya zauna ya warware ta: ya janye murya ya bar kalma ɗaya tana amsa-kuwwa har ta ɓace, ya kashe jita da fiyano ya bar ganga da bes su biyu tsirara, sannan kwatsam ya dawo da komai. Wannan shi ne dob. Har ta kai mutane na shiga shago su ce a fara sa musu bayan faifan, in sun ga sunan Tubby su saya. Duk lokacin da na ga yaro yana raina aikin dalma da waya, yana ganin sai mai riƙe makirufo ne mutum, Tubby nake tunawa. Sanin hanyar da wuta ke bi a cikin na'ura shi ya ba shi ikon sarrafa sauti yadda ba wanda ya taɓa yi. An harbe shi a ƙofar gidansa a watan Fabrairun 1989. Ranar da labarin ya iso mana ban iya taɓa aiki ba.

Daga bayan faifan nan ne aka samu abin da suke kira ridim, wato kiɗa ɗaya da mawaƙa da yawa za su hau, kowa da waƙarsa. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, mu da muka san makaɗin kalangu na iya riƙe kiɗa guda a yi baiti ɗari a kansa. Ɗauki Stalag 17, wanda Ansel Collins ya kaɗa wa Winston Riley a 1973. A kansa Sister Nancy ta yi Bam Bam a 1982, a kansa Tenor Saw ya yi Ring the Alarm a 1985. Shekara goma sha biyu tsakani, bes ɗin bai tsufa ba. Real Rock na Studio One tun 1967 yake, kuma waƙoƙin da aka ɗora masa sun kai ɗaruruwa. Wanda bai sani ba zai ce maimaici ne ko ƙarancin basira. Ni a wurina nan ne gwaninta take fitowa fili: an ba kowa doki ɗaya, sai a ga wa ya iya hawa.

In ka tambaye ni zamanin da ya fi kwanta mini, daga 1979 zuwa 1985 ne, farkon dansihol, wato salon rege na filin rawa. Makaɗan Roots Radics a ɗakin ɗaukar sauti na Channel One, Henry Junjo Lawes na biyan kuɗin aiki, wani matashi almajirin Tubby mai laƙabin Scientist a kan miksa. Kiɗan a hankali yake tafiya, mai nauyi, ganga na sauka kamar taɓarya a turmi. Barrington Levy yana yaro a lokacin, muryarsa ta cika fili. Gregory Isaacs ya yi Night Nurse a 1982 tare da makaɗan nan, kuma har yau in na sa ta sai na ga hannuna ya tsaya da aiki. Ka saurari yadda ake barin sarari tsakanin bugu da bugu. Shirun nan shi ma kiɗa ne.

Sai 1985 ta zo da Sleng Teng. Wasu samari biyu, Wayne Smith da Noel Davey, suka tsinci wani kiɗa da aka riga aka ajiye a cikin ƙaramin kibod Casio MT-40, suka kai wa Jammy, shi ma almajirin Tubby ne a Waterhouse. Ya rage masa gudu, ya ɗora murya, ya sa shi a filin gasa, aka ce ba a taɓa jin irinsa ba. Cikin ɗan lokaci makaɗa da yawa suka rasa aiki, na'ura ta karɓe. Gaskiya da na fara jin sa ban so shi ba, na ce kiɗan roba ne. Sai da na sa shi a babbar lasifika na ji yadda bes ɗin ke shiga ƙirji, sannan na sallama. Bayansa abubuwa masu kyau sun zo: Murder She Wrote ta Chaka Demus da Pliers a 1992, da yadda Dawn Penn ta sake rera tsohuwar waƙarta ta 1967 a 1994 duniya ta ɗauka. Amma a wannan zamanin ne kuma batsa da kirarin bindiga suka yi yawa a bakin wasu. Turancin Jamaika ba kowa ke kama shi ba, sai ka ga yaro ya saki waƙa a taron da iyaye mata ke zaune, bai san abin da ake faɗa ba. Kada ka taɓa sa abin da ba ka zauna ka fahimci maganarsa ba. In kiɗan ya yi maka amma maganar ba ta dace ba, juya faifan. Ga wani amfanin bayan nan.

Mu a nan yawanci manyan faifai da kaset ne suka iso mana: Bob Marley, Jimmy Cliff, Peter Tosh, Eric Donaldson, daga baya Lucky Dube da Alpha Blondy, sai namu na gida irin su Majek Fashek da Ras Kimono a ƙarshen shekarun 1980. Ƙananan nan na cikin akwati ɗai-ɗai na tara su, wasu daga Legas, wasu saƙo na ba masu dawowa daga Landan. Aikina a lokacin shi ne juye su a kaset. Kaset C-90 minti 45 ne kowane gefe, waƙa goma sha biyu ko sha uku ke nan. Direban mota zai kawo kaset ya ce a cika masa na tafiyar dare, wani kuma na shagon aski yake so. Dole ka yi tunani: wacce za ta buɗe, wacce za ta bi ta, ina za a sassauta, da me za a rufe kafin zare ya ƙare. In ka yi kuskure sai ka goge ka faro daga farko. A nan na koyi jeri, kuma jeri shi ne rabin sana'ar nan.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. Ban ce ka jefar da kwamfuta ba, ni ma da ita nake fita biki. Amma na lura da kai: waƙa ba ta yi minti ɗaya ba ka tsallaka wata, idonka na kan allo, ba ya kan mutane. Ƙaramin faifai ba ya barin ka ka yi haka. Minti uku gare ka, a cikinsu za ka dubi fili, ka yanke shawara, ka zaro na gaba, ka goge shi, ka shirya allura. Jah Shaka, wani mai lasifika a Landan, garmaho ɗaya tak yake amfani da shi har ya rasu a 2023. Zai sa waƙa, ya ɗaga allura, ya juya faifan, mutane na tsaye suna jira cikin shiru, ba mai fita. Wata shida nake so ka yi kana koyo da akwatin nan bayan an tashi aiki, sannan ka koma kwamfutarka ka ga yadda kunnenka zai canza.

Akwai kuma amfaninsu a teburin gyara. In na gama haɗa lasifika, bayan faifan nake gwada ta da shi. Waƙar zamani cike take da tarkace, tana rufe aibi. Ganga da bes zalla ba sa rufa wa kowa asiri: in takardar lasifika ta saki, in katakon akwati na karkarwa, in amfilifaya na shaƙewa, nan take za ka ji.

Riƙonsu kuma sai da kula. Wata shekara cikin bazara na bar kwali guda a bayan mota tun hantsi har la'asar, na buɗe na tarar da fiye da rabi sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. A cikinsu akwai waɗanda har yau ban sake samun irinsu ba. Don haka a tsaye ake jera su, a inuwa, kowanne cikin rigarsa. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Goge da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layin, kada ka ratsa shi. Gefe ake riƙewa, ba a ɗora yatsa a fuska. In allura na tsalle, kada ka ɗora mata kwabo a ka kamar yadda wasu ke yi, cinye layin take; duba nauyin hannun garmahon ko ka sauya allurar. Ƙarar ƙas-ƙas da za ka ji a wasunsu ba laifinka ba ne, masana'antun Kingston sun sha narka tsofaffin faifai su sake buga sababbi da su, musamman bayan tsadar mai ta 1973. Kuma kafin ka sauke allura duba maɓallin gudu, ya kasance a kan 45, ba 33 ba.

Gobe in Allah ya kai mu, in ka buɗe shago ka yi shara, nemo na Sister Nancy da na Tenor Saw, suna wajen tsakiyar akwatin. Sa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka juya na Tenor Saw ka saurari bayansa sau biyu. In na iso zan tambaye ka sau nawa bes ya zagayo kafin murya ta shiga. Daga nan sai mu kwance lasifikar dama ta mai bikin Asabar, da faifan nan za mu gwada ta.