Amsa ga ƙanenmu mai son kai aikinsa baje kolin duniya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya ko matashin da ke gab da kammala karatun zanen gine-gine a nan Jidda zai iya ganin aikinsa a manyan baje kolin duniya, da kuma ƙofar da ake bi. Na daɗe a wannan sana'a, zan faɗa maka abin da na gani.

Galibi gayyata ake yi, kuma wuƙa da nama suna hannun wanda aka ɗora wa alhakin tsara baje kolin na wannan karo. Shi ke zaɓen jigo, shi ke zaɓen mutane. A 2023 Lesley Lokko, wadda mahaifinta ɗan Ghana ne, ta jagoranci na birnin Venis a Italiya, ta gayyaci mahalarta 89, fiye da rabinsu 'yan Afirka ne ko masu tushe a can. A shekarar ce kuma Tosin Oshinowo ta Legas ta tsara na Sharja a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Don haka ka riƙa karanta jigon da kowannensu ya sanar da irin ayyukan da ya saba zaɓa.

Ba sai ka haye teku ba kafin ka fara koyo. A 2023 na yi yini guda a baje kolin fasahar Musulunci da aka yi a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wanda Sumayya Vally ta Afirka ta Kudu ta jagoranta tana da shekara talatin da 'yan kai. Ƙarƙashin rumfunan da iyayenmu suka sha zaman jiran jirgi na fahimci kuskuren da na tafka ina matashi, lokacin da na aika wa wata gasa hotunan dogayen benaye na gilashi da na haɗa a kwamfuta, ko amsa ban samu ba. Babu abin da ke cikin hotunan nan da ya nuna daga ina na fito.

Dubi Mariam Issoufou ta Nijar. Ita da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin laka na garin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa tare da maginan garin. Irin wannan aikin ne ya kai sunanta Venis. Mu ma muna da tubali da azara da bakan gizo na daurin rufi, ga kuma rawashin, wato tagogin katako na tsohuwar Jidda, a gabanka kullum.

Shawarata, ka zaɓi gini ɗaya a Al-Balad, wato tsohuwar Jidda, ka auna shi da hannunka, ka zana yadda iska ke ratsa shi, ka zauna da kafintocin da ke gyaransa. Idan ka haɗa shafi goma masu tsafta, ka sanar da ni mu duba tare kafin ka tura ko'ina. Allah ya ba da sa'a.