Kafin mutumin nan ya sayi karaban

Ɗana, jiya bayan mun rufe gareji ka tambayeni wai mutumin nan mai Golf da yake so ya fara jan karaban, ɗakin kwanan nan da ake ja da mota, ya kai iyalinsa hutu Wales, me zaka fara duba masa. To gashi a rubuce tunda da baki kunnenka baya riƙewa.

Kar ka fara da karaban ɗin, fara da motar. Anan Ingila shawarar da ake ba sabon shiga itace nauyin karaban cike da kaya kar ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya, yanzu in motarsa kilo 1,400 ce to ya tsaya wajen 1,190. Zai ce maka ai tun Disamba 2021 mai lasisin B, wato na ƙaramar mota, yana iya jan tirela har kilo 3,500 ba sai yayi wani gwaji ba, eh gaskiya ne, amma lasisi ba shi zai riƙe masa sitiyari ba ranar da babbar mota ta gifta shi a babban titi iska ta bugi karaban ta fara kaɗa wutsiya kamar tarwaɗa. Kaya masu nauyi a ƙasa, daidai kan tayoyi, ba can baya ba. Nauyin da ke sauka kan ƙwallon ja, wato ƙarfen bayan mota da ake maƙala karaban, kuma kashi 5 zuwa 7 ne cikin 100 na nauyin karaban, sikelin banɗaki da guntun katako ma sun isa ka auna, kar dai ya wuce abinda masu motar suka rubuta.

Maganar ƙwallon nan, kasan mu da giris, duk ƙarfen da muka gani sai mun shafa. Farkon zuwana na lafta wa wani ina jin nayi gwaninta, ashe mahaɗinsa AL-KO ne, akwai 'yan faifai a ciki masu damƙe ƙwallon su hana lilo, busasshe suke so, ko fenti ba'a bari. Wallahi sai da aka canza faifan, maigidana bai min magana ba har aka tashi.

In tsoho zai saya kabi shi. Kana buɗe ƙofa ka fara shinshinawa, in kaji warin rumfar da damina ta daka to ruwa ya shiga bango, ka danna yatsa gefen taga da cikin kabad na sama, in yayi taushi kamar biredi ku juya kawai, komai kyan kujeru da labule. Taya kuma kar zanenta ya ruɗeka, karaban zama yake ba tafiya ba, rana ce ke cinta, karanta lamba huɗun nan na gefe, sati da shekarar da aka ƙera ta, in ta haura shekara 5 a fara shirin canzawa.

Sauran ƙanana ne. Madubin gefe na ƙari, wayar da ke jan birki in karaban ya kwance, gas kuma propane zai saya in lokacin sanyi zai fita don butane baya tashi in gari ya kusa ƙanƙara. Gudu mil 60 a babban titi, 50 a mai hannu ɗaya.

Ranar Asabar kace yazo da motar, mu sami fili ya koyi ribas, kai ma zaka gwada.